Yadda Na Juya wa Baba Walt Baya

Samarin da muke haɗuwa da su a masallacinmu na garin Laurel, nan Amurka, bayan sallar Juma'a sun sha tambayata ko har yanzu akwai mai ɗaukar mutum aiki don ya ɗaure ganga. Wani daga cikinsu, ɗan abokina, ya taɓa ciro wayarsa ya danna, sai ga kiɗa ya tashi tsaf, da ganga da komai. Ya ce, "Kawu Ilu, ka ji? Ina kan layin karɓar shinkafa na haɗa shi." Rabin maganar ma da Turanci ya yi ta. Na ce masa ya yi kyau, don kuwa ya yi kyau. Amma tun ranar abin yake ci mini rai, domin ban ba su amsar tambayarsu ba, ni kuma ba na iya barin tambaya a buɗe. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi haƙuri da inda na karkace.

Aikina kula da ganguna ne a situdiyo, wato gidan da ake ɗaukar waƙa a sa a faifai. Ba ni ne makaɗi ba, ba kuma ni ke zama gaban na'ura ba. Nawa shi ne in makaɗi ya zauna ya ɗaga sanda, ya tarar kowace ganga tana faɗin abin da ya kamata ta faɗa, ba ƙari ba ragi.

Fatar farko da na taɓa jiƙawa ta ɗan akuya ce, a ƙauyenmu kusa da Malumfashi, a gidan ƙanin mahaifiyata, Kawu Tanko, mai gangar noma. Shi ya koya mini kankare gashi da toka, da jan tsirkiya gefe da gefe don kada fata ta karkata, da rataye kangon ganga inda gara ba za ta kai ba. In an yi gayya, shi yana gaba da babbar ganga yana bin manoma kunya-kunya, ni ina bayansa da kanzagi rataye a wuya, 'yar ƙaramar gangar nan da ke cike tsakanin bugun babba. Doka ɗaya ya kafa mini. Ya ce, "Idonka a hannuna. Ni ina kallon garmar sarkin noma, kai kana kallona. In na yi sauri ka yi sauri, in na ja ka ja. Ko rijiya na faɗa ka biyo ni." Wata rana na ga kamar ya yi gaggawa, sai na tsaya a kan bugun da muka faro da shi. Sai da muka kai ƙarshen kunya ya juyo ya sauke mini makaɗin gangarsa a tsakar ka. Ban ƙara ba.

Amurka kuwa tuƙi ne ya kawo ni. Wani ma'aikacin ofishin jakadanci ya taho da ni ina tuƙa iyalinsa a unguwar Northwest ta Washington. Da ya koma gida na zauna, daga baya takarduna suka daidaita, na shiga aikin shara da goge-goge a ƙarƙashin Alhaji Mumuni, mutumin Kumasi, wanda ke da kwangilar wasu gine-gine a nan Laurel. Cikinsu akwai situdiyon wani Bature, Mista Gil. A bakin ƙofarsa akwai gangar hannu irin ta ƙasashenmu, fatarta ta yage, an mai da ita wurin jefa lema. Kullum na zo shara sai ta tsaya mini a rai. Da Babbar Sallah ta zo muka je yanka a wata gona bayan Manassas, na roƙi fatar akuya guda, na nemi izinin Mista Gil, na ɗaure masa ita. Ya buga, ya sake bugawa, ya ce yana neman mai ɗauko masa kaya, in ina so in koyi manyan gangunan da ke ciki ƙofa a buɗe take. Na je wa Alhaji Mumuni da maganar ina ta jujjuya ta, in aikin bai ɗore ba fa, in na lalata musu abu fa. Ya ce, "Ka je, ɗan'uwa. Tsintsiya ba ta gudu. In ka dawo tana nan."

Gangar Turawa ba ɗaya ba ce, zuga ce, mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsu. Akwai babba a ƙasa da ake takawa da feda. Akwai mai zaga a tsakanin gwiwoyi, wadda wayoyi ke kwance a ƙarƙashinta, ita ce mai tsawa. Sai matsakaita a jere, da farantan tagulla a sama. Fatarsu ta roba ce, ba tsirkiya, sai ƙusoshi kewaye da baki da ake murɗawa da ɗan makulli wanda bai kai babban yatsa ba. Hannuna bai sha wuya ba, don jan gefe da gefe ɗaya ne a ko'ina. Kunnena ne ya sha wuya.

Gangar farko da Mista Gil ya ba ni in ɗaure mai zaga ce. Na ja ta irin na gida, yadda za a ji ta daga wancan ƙarshen gona, na buga, ta amsa tana waƙa, na ji daɗi. Sai ya kira ni ɗakin na'ura, bayan gilashi, ya kunna mini abin da makirufo ya ɗauka. Kai ka ce kwanon sha aka yar a kan siminti. Ya ce, "Ilu, a nan mai sauraro ba ya nesa. Kunnensa a kan fatar yake." Daga ranar na fara koyon rage wa ganga baki: ɗan salatif a gefe, ƙyalle a ninke, bargo a cikin babba. In ka sa ya yi yawa ta mutu kamar kwali, in ya yi kaɗan ta cika surutu. Tsakanin nan biyu na yi shekaru ina kai da komo, har yau kuma ban ce na gama ba.

Jakar aikina ba ta da wani abin mamaki. Salatif ne, da man inji, da sukudireba, da tocila, da auduga, da fatun ajiya. Makulli kuwa ɗaya yana aljihu, ɗaya a jaka, ɗaya a mota. Uwargidana Hajara ta ce da za a buɗe cikina ma sai an sami ɗaya.

Akwai wata ƙara da ta taɓa hana mu aiki rabin yini. Wasu mawaƙan coci ne daga Washington. Duk lokacin da aka taka babbar ganga sai a ji wani ɗan zuuu yana biye da ita, kamar sauro. Na kwance feda na shafa mata mai, yana nan. Na ɗaure kowace ƙusa, yana nan. Na canza fata, na sa makaɗin ya cire agogo, na sa matan suka cire awarwaro, yana nan. Zufa ta jiƙa ni, don kowa ya zuba mini ido. Ashe ƙusar fitilar da ke saman ƙofa ce ta saki. Tun daga nan kowace safiya kafin kowa ya iso sai na zaga ɗakin ina tafi ina saurare, lungu-lungu. Mai gadin ginin ya daɗe yana zaton wata ibada ce tamu.

Mafi yawan masu zuwa wurinmu a da 'yan kiɗan rok ne, masu jita da ƙara. Wasunsu sun yi tashe tun ina goye, yanzu furfura ta cika musu kai, suna zuwa da maganin hawan jini a aljihu. Yadda suke aiki shi ne kowa ya shiga babban ɗaki lokaci guda, makaɗi ya haɗa sanduna ya ƙirga, a faɗa waƙa gaba ɗaya. In an zo amshi sai ta ɗan ɗaga ƙafa, in an koma baiti ta lafa, kamar numfashin mai tafiya. Ba wanda ke kiran wannan kuskure. In ɗauka ta yi kyau an gama, in ba ta yi ba a sake daga farko.

Sannu a hankali abin ya juya. Kamfanonin faifai suka ga tsofaffin nan suna da suna amma rediyo ba ta sa sababbin waƙoƙinsu, yara kuma a waya suke jin waƙa, in ba ta kama su tun daga buɗe baki ba su wuce. Sai suka fara haɗa su da furodusoshi matasa, irin masu yi wa 'yan pop aiki. Su kuwa hanyarsu daban ce. Farkon abinsu kilik, wata ƙara ce ƙas-ƙas-ƙas kamar ta agogo da kwamfuta ke sakar wa makaɗi a kunne, ba ta sauri ba ta jinkiri. A fuskar kwamfutar akwai layuka irin na takardar lissafi, kowane bugu ana son ya faɗa a kan layinsa. Wanda ya kauce sai a kama shi a matsar. Muryar mawaƙi in ta yi ƙasa a ɗaga ta. A gajarta waƙa, a jawo amshi kusa, a zuba tafi da sautin kibod a ƙarƙashin jita. Akwai kuma abin da ni nake kira bugun aro: bugun wata ganga da aka taɓa ɗauka aka adana, sai a manna shi a kan na makaɗi don ya yi ƙarfi, ko ma a cire nasa gaba ɗaya. Ba zan ce abin ba shi da daɗi ba. Yana sheƙi kamar sabon kwano. Sai dai duk wanda ya gane zai iya yin haka a ɗakin kwanansa, ba ya neman babban ɗaki, ba ya neman mai ɗaure ganga.

Muna cikin wannan ja da baya korona ta shigo ta rufe ƙofa. Wannan ita ce mummunar shekarata. Na sami aiki a wani gidan ajiyar kaya a nan Laurel, ina jera kwalaye a kan katako. Duk mako nakan biya situdiyo in sassauta fatu, in goge tsatsa, in duba ko danshi ya shiga. Ba wanda ya sa ni, ban dai iya barci ba ne in na tuna gangunan suna zaune a ɗaure cikin sanyi. Da aka buɗe gari aiki ya dawo, amma da ƙafa ɗaya. Mista Gil ya gaya mini gaskiya, wani mai sayar da kujeru yana so ya karɓi babban ɗakin haya ya mai da shi sito. In ya bayar, ƙaramin ɗakin murya kawai zai rage, shi kuwa ba ya buƙatata.

Ana cikin haka aka kawo mana aikin wasu tsofaffin 'yan rok su huɗu, ba zan faɗi sunan ƙungiyarsu ba. Kamfani ya yarda ya fitar musu da faifai, da sharaɗin su yi aiki da wata furodusa, Dana, wadda ba ta kai 'ya'yansu ba. Yarinya ce mai ladabi da kaifin kunne, Mista Ilu take ce mini. Shugabansu kuma mawaƙinsu Rik ne, mai rina gashi. Makaɗinsu Walt, ya haura saba'in, ƙato, gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura. Mista Gil ya ce da wannan aikin zai yanke shawara a kan ɗakin.

Ranar farko na ce masa, "Baba Walt, ga kujerarka, ka ga ko ta yi."

Ya ce, "Wane ne Baba? Walt kawai."

Na ce, "A wurinmu ba a kiran babba gatsal."

Ya dubi gemuna ya ce, "To kai ma ba yaro ba ne. Baba Ilu, ɗaga mini ita kaɗan, gwiwar nan ba ta lanƙwasuwa kamar da." Haka muka zauna, Baba da Baba.

Hannunsa yana nan da daɗinsa. In ya sauke sanda a kan mai zaga, ka ji bugun ya cika ɗaki ba tare da ya yi ƙarfi ba. Amma da aka sa masa kilik a kunne sai ya zama wani mutum. Ya bi ta a guje, ya wuce ta, ya tsaya jiranta, ta wuce shi. Ya fizge hedifon ya ce, "Wannan kamar tsuntsu yake saran ƙwaƙwalwata." Duk rayuwarsa abin da yake gani yake bi, kafaɗar Rik, ko diddigen mai jita. Bai taɓa bin abin da ba shi da jiki ba.

Dana ba taurin kai take yi ba, ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta riga ta gina waƙar a kan layuka, da kibod da tafi da muryoyin amshi. In ganga ta kauce kaɗan za ta iya matsar da ita. In ta kauce da yawa, sai ta yanka ta gunduwa-gunduwa, ƙarar farantai ta kakkarye, kowa ya ji ɗinki. Aka yi ta gwadawa kwana da kwanaki ba a sami ɗauka ɗaya mai amfani ba. Daga nan mutumin kamfani ya bugo waya, muna jinsa a lasifika, ya ce a daina ɓata lokaci, a sa na'ura ta buga, a sa hoton Walt a bangon faifai, ba wanda zai sani. Rik ya zuba wa takalminsa ido. Dana ta ce a ba ta zuwa ƙarshen mako.

Ina durƙushe ina canza fata Baba Walt ya ce, "Baba Ilu, a ƙasarku ana yabon mace da tuwon da ba ita ta tuƙa ba?"

Na ce, "Ana yi, Baba, amma maƙwabta sun sani."

Ya ce, "To ni ne maƙwabcin."

Kashegari ƙafar wani faranti ta riƙa rawa, ba lokacin gyara, sai na tsugunna a gabansa na riƙe ta da hannu, da hedifon na ajiya a kaina don in ji in Dana ta yi magana. Kilik tana shigo mini, ashe ina gyaɗa kai ban sani ba. Da aka tsaya sai na ji muryarta: "Mista Ilu, ka taɓa kiɗa?"

Na ɗauka motsina ya shiga makirufo. Na ce, "Ina yaro, 'yar ƙarama. Na ɓata ɗaukar ne?"

Ta ce, "Ko kaɗan. Baitin nan duka a kan layi ya faɗa. Kanka Walt yake kallo."

Dabarar tata ce, ba tawa ba. Ta ce za ta cire kilik daga kunnen Baba Walt ta bar ta a nawa, ni in tsaya a gabansa ina ɗaga hannu ina saukewa, shi ya bi hannuna. Sharaɗi, kada in yi ƙara ko ta numfashi. Na cire takalmi, na cire agogo, na zazzage aljihuna, na tuɓe rigar sanyi don tana ƙaras-ƙaras. Na ɗaura farin ƙyalle a hannu yadda zai gani sosai.

Aka fara. Baiti ya tafi sumul. Da aka doshi amshi na ga kafaɗunsa sun tashi, sandunan suka ɗauki wuta, muka shiga amshin tare da daɗi. Sai waƙa ta tsaya. Dana ta ce, "Mista Ilu, kun baro kilik a baya, ku biyun."

Wallahi ban san na yi ba. Aka sake. Na ce wa kaina wannan karon kunne kawai. Aka zo wurin, ina jin kilik sarai, na san ita ce daidai, amma idona yana kan hannun dattijo, hannuna kuma ya bi shi kamar an ɗaure su da igiya. Aka sake, haka. Ga kuma nauyin tsayuwar kanta, ni a tsaye, babba a zaune, ina kaɗa masa hannu kamar ɗan sandan hanya. Da idonmu ya haɗu sai in sunkuyar, da na sunkuyar kuwa sandunansa nake gani.

Ya ajiye sanduna ya ce, "Baba Ilu, don me kake bina?"

Na ce, "Baba, a gida in mai babbar ganga ya gudu, ƙarami binsa yake yi. Haka aka koya mini."

Ya ce, "In ka bi ni ka kashe ni. Ga mutum uku can da suka ƙare rayuwarsu suna bina, dubi inda suka kawo ni."

Rik ya danna maɓalli daga bayan gilashi ya ce, "Ba binka muke yi ba, tsoho. Gudu muke kada ka take mu."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Lokacin azahar ya yi, na shiga ɗakin kaya na yi sallah, na ɗan zauna a kan darduma ina lissafin abin. Hannun nan ba zai sake tarbiyya a yini ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne a hana shi ganin abin da zai bi. Na fito na roƙi Dana ta cire komai daga kunnena, ganga da jita da murya, ta bar kilik tsura. Na je mota na ɗauko abin toshe kunne irin na masu yankan ciyawa, na ɗora a kan hedifon. Sa'an nan na je gaban Baba Walt na rusuna.

Na ce, "Baba, zan juya maka baya. Ba raini ba ne. Ka yafe ni."

Ya ce, "Duk matan da na aura sun yi, ba wadda ta nemi izini. Juya."

Na juya na fuskanci bango. Akwai wata ƙusa a jikin katakon, na kafa mata ido. Kilik ta fara, na ɗaga hannu na sauke, na ɗaga na sauke. Ban jin waƙa, ban san inda aka kai ba. Amma akwai abin da ban yi tunaninsa ba, ba takalmi a ƙafata, babbar ganga kuwa ta ƙasa take tafiya. Ina jin kowane taku nasa a tafin ƙafata. Da farko yana faɗuwa tare da hannuna. Can sai na ji ƙasa ta fara riga ni. Na san amshi ne ya zo, dattijo ya tashi.

A duk shekaruna na aiki ban taɓa yin abu mai wuya kamar wannan ba, ga shi ba nauyi na ɗauka ba. Kafaɗata tana ja, gwiwar hannuna tana ja, tsakar kaina inda makaɗi ya taɓa sauka har wani zafi yake. Na danne leɓe na tsaya a kan ƙas-ƙas ɗin nan, ban ƙara ko kaɗan ba. Ƙasa ta ci gaba da riga ni, taku ɗaya, taku biyu, kamar jakin da ke jan igiya. Sai na ji ta lafa. Ta dawo ƙarƙashin hannuna ta zauna. Da amshi ya sake zagayowa ta ɗan yunƙura, ta koma da kanta.

Ban san waƙa ta ƙare ba, don kilik ba ta san ƙarewa ba. Ina nan ina kaɗa wa bango farin ƙyalle sai da Mista Gil ya taɓa kafaɗata. Na juyo na tarar duk sun shigo ɗakin suna dariya, Baba Walt yana share fuska da tawul.

Kada wani ya ɗauka daga nan an jefar da kwamfuta. Dana ta yi aikinta cif. Ta matsar da bugun da suka ɗan kauce, ta gyara muryar Rik inda tsufa ya ci ta, ta zuba tafi. Bugun aro ma ta sa, sai dai daga gangar Baba Walt ta ɗauka, na ɗaure mata ita ya buga ɗaya-ɗaya, daga mai taushi zuwa mai ƙarfi. Ta haɗa ta aika wa mutumin kamfani. Ranar jira ban iya cin abinci ba. Na goge farantan da na riga na goge, na zaga ɗaki ina tafi ba gaira ba dalili, har Mista Gil ya ce in zauna ina sa masa jiri.

Da la'asar ta tara mu a ɗakin na'ura ta kunna mana waƙar a manyan lasifika. Tana sheƙi irin na yaran yanzu, in da a kanti na ji ta ba zan ce tsofaffi ne ba. Amma a ƙarƙashin sheƙin na san ƙafar da ke takawa, tafin ƙafata ya san ta. Baba Walt ya sunkuyar da kai yana ji har ta ƙare.

Rik ya ce, "Kai ne wannan kuwa?"

Ya ce, "Ni ne. Wanka aka yi mini aka fesa mini turare."

Wayar Dana ta yi ƙara, ta fita da ita waje. Muka zauna jira. Ni dai ina ta salati a zuci ina murza ƙyallen nan a hannu. Ta dawo ta ajiye wayar a kan tebur ta ce, "Ya ce a bar tsohon a kan gangarsa. A yi sauran duka haka."

Rik ya kai wa Baba Walt naushi a kafaɗa. Mista Gil ya tashi ya ce bari ya kira mai kujeru ya ce masa ya nemi sito a wani wuri. Ni na rasa abin yi, sai na ce alhamdu lillahi a fili, Dana ta ce ita ma haka.

Baba Walt ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar, ya nufi babban ɗaki. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Baba Ilu, mai zaga ta saki, tun ɗazu nake jinta. Zo ka ɗaure ta, sa'an nan ka koma bangonka. Kada kuma ka sake neman gafarata."

Na ce, "To, Baba. Ka yi haƙuri."

Na cire takalmina na bi shi.